Fara'ar mai kanti ko haƙƙin mai saye: a wanne Turawa suka fi mu?

Ɗan Tireda, Ringim

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar saye da sayarwa, ta gida da ta waje. Ana yawan cewa Baturen Ingila ko abinci mai sanyi aka ajiye masa zai ci ya yi godiya, ba zai ɗaga murya ba. Ba'amurke kuwa mai kantinsa murmushi har kunne, Bajamushe fuska a murtuke, mutumin Japan ya rusuna maka kamar surukinsa ne ya shigo. To a cikinsu wa ya fi kula da mai saye da gaske, kuma me ya kawo bambancin?

Abu na biyu shi ya fi damuna. Mai ƙaramin shagon kayan noma a ƙauye, irin mai sayar da taki, iri, maganin feshi, injin ban ruwa da kayan sola, me zai iya ɗauka daga tsarinsu ba tare da ya karye ba? Domin in ka ce duk wanda ya dawo da kaya za ka mayar masa da kuɗinsa, kafin kaka jari ya tafi. In kuma ka rubuta "kaya in ya bar shago ba a dawowa da shi", mutane su ce ba ka da mutunci. A taimaka da bayani dalla-dalla, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Akawu, Gwaram

Wa alaikumus salamu, ɗana. Abin da ake faɗa a kan mutanen Ingila akwai ƙamshin gaskiya, amma rabin zancen ne. Baturen Ingila ba ya son fito-na-fito. In ma'aikacin gidan abinci ya zo ya tambaye shi ko komai lafiya, zai ce lafiya lau, alhali naman bai dahu ba. Kai za ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Sai dai shirun nan nasa ba yafiya ba ce. Ko dai ya ɗauke ƙafa daga wurin gaba ɗaya, ko ya koma gida ya zauna ya rubuta takardar ƙorafi mai kwanan wata da lambar rasit, ko ya je intanet ya shafa wa wurin baƙin jini. Shi ma mai jiran kanti a can ba ya bin ka a baya yana yaba maka kaya, a wurinsu wannan takura ce. Zai gaishe ka a taƙaice ya ƙyale ka sai ka neme shi. Mutumin nan wurinmu zai ɗauka wulaƙanci ne, su kuwa girmamawa suke nufi.

A ganina tarihi yana da hannu a wannan hali. Daga 1940 har zuwa 1954, wato shekara tara bayan gama Yaƙin Duniya na Biyu, da kati ake rabon abinci a Birtaniya. Kowane gida sai ya yi rajista da mahauci da mai kantin da zai riƙa karɓar kasonsa a wurinsu, a bi layi, a karɓi abin da aka samu. Wanda ya tashi a haka ya san mai kanti ne da wuƙa da nama, kuma har gobe tsallake layi babban abin kunya ne a wurinsu. Ita ma maganar nan da ake yayatawa, wai mai saye kullum shi ne da gaskiya, an fi danganta ta da Harry Gordon Selfridge, wanda ya buɗe katafaren kantin Selfridges a titin Oxford na Landan a 1909. Shi kuwa Ba'amurke ne, a kantin Marshall Field na Shikago ya koyi sana'a. Ke nan ko a Ingila baƙuwar magana ce.

Inda suka yi mana nisa shi ne abin da ke biyo bayan biyan kuɗi. Dokarsu ta haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce dole kaya su kasance da inganci daidai gwargwado, su yi aikin da aka saye su dominsa, su kuma dace da yadda aka siffanta su. In aka saɓa, cikin kwana 30 na farko ka mayar ka karɓi kuɗinka cif. Bayan kwana 30, shago yana da damar gyarawa ko canzawa sau ɗaya. In gyaran bai yi ba, ka karɓi kuɗi ko a yi maka ragi ka riƙe kayan. Muhimmin wurin shi ne wata 6 na farko: doka tana ɗauka cewa aibin tun daga shago yake, mai shago ne zai kawo hujjar cewa kai ka ɓata. Bayan wata 6 nauyin hujja ya dawo kanka, amma ƙofar kotu a buɗe take har shekara 6 a Ingila da Wales, shekara 5 a Sikotland. Kuma wanda ya sayar maka ake kamawa. Ba shi da ikon ce maka je ka nemi kamfanin da ya ƙera.

Abin da aka saya ta intanet kuma akwai kwana 14 na fasawa ko da babu aibi, tunda ba ka taɓa shi da hannu ba kafin ka biya. In da katin bashi na banki ka biya, kuma kuɗin kayan ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, wata doka ta 1974 ta sa bankin ma yana cikin alhaki tare da mai sayarwa. In rigimar da banki ce ko kamfanin inshora, suna da mako 8 su ba ka amsa ta ƙarshe, daga nan ka kai su gaban ofishin mai shiga tsakani na harkokin kuɗi, kyauta. Ƙaramar kotu tana sauraron da'awar da ba ta wuce fam 10,000 ba, ba sai da lauya ba. Har jirgin ƙasa: a yawancin kamfanoni makarar minti 15 zuwa 29 tana jawo mayar da kwatan kuɗin tikitin tafiya ɗaya, minti 30 zuwa 59 rabi, awa guda kuɗin duka. Wanda yake da waɗannan ƙofofi me zai sa ya tsaya cacar baki da yaron kanti?

Amma ka lura da abu ɗaya da zai kwantar maka da hankali. Ko a Ingila, wanda ya shiga shago da ƙafarsa, ya duba kaya ya saya, kayan lafiya lau, ya je gida ya canza ra'ayi, doka ba ta tilasta a karɓa ba. Manyan kantuna suna karɓa ne don neman kasuwa. Saboda haka tsoron da kake yi na "kowa ya dawo da kaya" ba shi ne tsarinsu ba.

Hajiya Mai Atamfa, Bichi

Baba Akawu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da zan ɗora a kai shi ne, in kana son sanin dalilin fara'ar ma'aikaci a kowace ƙasa, ka duba daga aljihun wa abincinsa yake fitowa.

A Amurka mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009. Amma ma'aikacin da ke samun na goro daga hannun masu cin abinci, doka ta yarda a biya shi dala 2.13 kacal, adadin da bai motsa ba tun 1991, muddin abin da baƙi suka ba shi ya cike giɓin. Wasu jihohi irin su Kalifoniya ba su yarda da wannan ragin ba, amma al'adar ta game ƙasar: ana sa ran ka bar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin. To yarinyar da kuɗin hayarta yake aljihunka ai dole ta gaya maka sunanta, ta yi ta zarya tana cika maka kofi. Ba ina cewa duk murmushin na ƙarya ba ne, amma yana da farashi. A Birtaniya tun 2009 an hana lissafa na goron cikin mafi ƙarancin albashi. Gidajen abinci da yawa a Landan suna ƙara kashi 12.5 a kan takardar kuɗi, kuma daga Oktoban 2024 doka ta wajabta a miƙa wa ma'aikata shi gaba ɗaya. Ma'aikacin da albashinsa ke tsaye ba ya buƙatar yi maka rawa. Sauƙin mayar da kaya da aka san manyan kantunan Amurka da shi kuwa, gasa ce ta fi kawo shi, ba dokar tarayya ba.

Faransawa ana yi musu shaidar girman kai, amma da yawa laifin baƙo ne. A can kuɗin hidima yana cikin farashi, kuma mai shigowa shi ke fara gaisuwa. Ka faɗa shago ba ka ce "bonjur" ba ka hau tambayar farashi, daidai yake da ka shiga zauren mutum ba sallama. Wannan kam mu ba sai an koya mana ba. Jamusawa su da bakinsu suka laƙaba wa ƙasarsu suna "hamadar hidima" a shekarun 1990. Kantuna a rufe ran Lahadi, mai karɓar kuɗi ba ta da lokacin hira, kai za ka zuba kayanka a jaka da sauri don na bayanka. Amma duk sabon abin da ka saya yana da lamunin shekara 2 na doka, kamar sauran ƙasashen Tarayyar Turai. Fuska ba annuri, takarda kuwa ba ta tashi.

Japan ita ce ta rikita lissafin nawa, domin ba a ba da na goro sam, in ka bari ma za a iya biyo ka da shi, amma hidimar ta fi ta kowa. Suna kiran abin omotenashi, wato ka hango buƙatar baƙo kafin ya furta. A Nuwamban 2017 wani kamfanin jirgin ƙasa na yankin Tokiyo ya fito ya nemi afuwa saboda jirginsa ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokaci. In jirgi ya makara kuwa ana ba fasinja takardar shaida ya kai wa maigidansa a wurin aiki. Sai dai abin ya wuce gona da iri. Suna da wata magana mai kamanta mai saye da abin bauta, wa'iyazu billahi, kuma wasu sun riƙe ta suna zagin ma'aikata suna tilasta musu durƙusawa. Har sai da birnin Tokiyo ya yi dokar hana masu saye cin zarafin ma'aikata, ta fara aiki a Afrilun 2025. Duk mai shagon da zai ce wa yaronsa "ko me aka yi maka ka yi shiru", ya tuna da wannan.

Ga 'yan'uwanmu masu sari daga Sin kuma: tun Maris na 2014 dokarsu ta ba mai saye ta intanet kwana 7 ya mayar ba sai ya faɗi dalili ba, akwai layin ƙorafi 12315, kuma wanda aka yi wa ha'inci yana iya neman ninki uku na kuɗinsa. Amma wannan na mai sayen amfanin kansa ne. Ɗan kasuwar da ya je Gwanzu ya yi odar injuna ɗari ba ya cikinta. Shi abin da zai kare shi samfurin da aka sa wa hannu, yarjejeniya a rubuce, da buɗe kwalaye a duba kafin a rufe kwantena. In kaya suka sauka Legas da aibi, sai dai haƙuri ko roƙon ragi a oda ta gaba, kuma wannan asarar ce ke gangarowa har shagon ƙauye.

Ɗan Tireda, Ringim

Baba da Hajiya, na gode ƙwarai, na ƙaru. Ke nan gaisuwa daban, abin da ke faruwa in kaya sun ba da matsala daban. To mu da ba mu da waɗannan ofisoshi a kusa, kuma dilan da muke sara a wurinsa a Kano shi ma cewa yake ba garanti, ina mafita? Kuma a addinance wane kaya ne dole na karɓa in an dawo da shi?

Almajirin Zaure, Gezawa

Malam Ɗan Tireda, abin da Baba Akawu ya lissafo na Ingila, ginshiƙinsa yana cikin babin ciniki da ake karantawa a zaure, aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ya ji danshi a ciki. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Daga nan malamai suka ce bayyana aibi wajibi ne a kan mai sayarwa ko ba a tambaye shi ba. Akwai kuma hadisin dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki don hantsarta ta cika a yaudari mai saye: an ba shi zaɓi har kwana uku, in ya so ya riƙe, in ya so ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Ka ga an kare mai saye, ba a kuma bar mai sayarwa ya tashi a tutar babu ba.

A taƙaice lamarin hawa uku ne. In aibin tsoho ne, tun kafin ciniki yake, mai saye bai gan shi ba, kuma yana rage darajar kaya, to yana da haƙƙin mayarwa, rubutun da ka manna a bango ba ya goge aibin da ka sani ka ɓoye. Amma in ya ga aibin ya ci gaba da amfani da kayan kamar ya yarda, haƙƙinsa ya faɗi. Ba zai yi noman rani guda da inji ba sannan ya ce tun ranar farko yake hayaƙi. Na biyu shi ne zaɓin da aka sharɗanta lokacin ciniki, "ka je ka gwada zuwa jibi". A mazhabar Malikiyya tsawonsa ya danganta da irin kayan, dabba kamar kwana uku, gida kamar wata. Imamu Malik kuma bai ɗauki zaɓin majalisa ba, wato a wurinsa da zarar an ce "na saya", "na sallama", ciniki ya faɗa ko ba a rabu ba. Na uku shi ne wanda ya yi nadama kawai, kaya lafiya lau. Wannan karɓa ba dole ba ce, falala ce, ita ake kira iƙala, kuma hadisi a Abu Dawud ya yi alkawarin Allah zai yafe tuntuɓen wanda ya karɓi nadamar ɗan'uwansa Musulmi.

A kasuwanninmu ma akwai tsari, ba a rubuce yake ba kawai. A karar Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis, la'adar da ake ba dillali ba ta haɗa ciniki ce kaɗai ba. Shi ne ya san mai dabbar. In saniya ta fito ta sata ce ko da ciwon da aka ɓoye, shi za a nemo, in ya gagara a je gaban sarkin kasuwa. Ga gyara a kan awo, ga bashi zuwa kaka, ga tabarma da ruwan sha. Wannan Bature ba ya ba ka. Raunin abin shi ne duk a kan sanayya ya tsayu: baƙo da marar galihu ba su da mai tsaya musu. Sannan ga kunya. Mutum ba zai iya mayar wa surukinsa ko Alhajin da ke ba shi bashi kaya ba, sai ya haɗiye, ya koma sayayya a garin gaba, ya kuma baje maganar a majalisa bayan la'asar. A nan mun yi kama da mutanen Ingila fiye da yadda muke zato, sai dai su suna da inda za su kai takarda. Don haka mai shagon da bai taɓa jin ƙorafi ba kada ya ɗauka kowa ya gamsu.

Bakaniken Kadawa

Yaya Ɗan Tireda, bari na sauko da maganar ƙasa. Yawancin rigimar "dawo min da kuɗina" a kayan noma ana kashe ta ne kafin kaya su bar shago, ba bayan sun dawo ba.

Fara da dilanka. Kafin ka yi wa kowa alkawari, ka zauna da wanda kake sara a wurinsa a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ku tsayar da magana: injin da ya fito da aibin kamfani cikin kwana nawa zai canza? In ya ce bakwai, kai ka ba manomi biyar, don ka samu kwana biyun kai shi birni. Kada ka taɓa ba da wa'adin da ya fi wanda aka ba ka. In ya ce babu ko kwana ɗaya, ka sa a buɗe kwali a tayar da kowane inji a gabanka, ko ka canza dila. Sannan ka ɗora naira biyu zuwa uku a kan kowace ɗari a farashin inji da batir, ka ware ta daban. Ita ce za ta biya asarar da ta faɗo kanka, ba jari ba.

Injin ban ruwa mai inci biyu ko uku yana zuwa ba baƙin mai a cikinsa. Irin masu ƙarfin doki 5.5 zuwa 6.5 ɗin nan suna cin kamar lita 0.6. Kai za ka zuba a gaban mai saye, ka nuna masa ma'aunin. Ka ajiye duro da ruwa a ƙofar shago, ka cika kan famfon da ruwa ta murfin sama, ka tayar ya yi minti goma yana ja yana zubarwa. Ka gaya masa abu huɗu, ka sa ya maimaita: ba a tayarwa sai an cika kan famfo da ruwa, domin in ya yi gudu a bushe sil ɗin cikin yana ƙonewa cikin ɗan lokaci ya fara yoyo, rariyar bakin tiyo ba a cire ta, yashi da tsakuwa ke cinye farfela, tsakanin inji da saman ruwa kada ya wuce mita bakwai, in ya wuce a sauko da injin cikin rami, a juye man farko bayan aikin awa 20. In inji yana kuka amma ba ya jan ruwa, kafin a ce ya lalace a duba mahaɗar tiyon ja, galibi iska ce ke shiga, ɗaurin roba ya wadatar.

Da wannan za ka iya raba laifi in ya dawo. Sil ya ƙone, an tayar a bushe. Mai ya ƙafe ko ya koma kamar kwalta, sakaci ne. Farfela ta cinye, an cire rariya. Amma kwayil ya daina ba da wuta a kwana na biyu, ko jikin famfo yana tsatsafo ta wurin da ba a buge ba, wannan na kamfani ne, ka canza ba gardama.

Batirin sola ya fi komai jawo faɗa, kuma yawanci bakin mai sayarwa ne ya jawo. Ka auna shi da mita a gaban mai saye: batir mai bolt 12 da ya cika ya huta yana nuna kamar 12.6 zuwa 12.7. Sabon da ya nuna ƙasa da 12.4 ya daɗe a ajiye, ka caje shi kafin ka sayar. Sannan ka yi masa lissafi na gaskiya. Batir mai bolt 12 da aka rubuta 200Ah a jikinsa yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda, amma irin mai ruwa rabi ake ci in ana so ya yi ƙarko, saura 1,200. Fanka mai wat 60, talabijin mai 60, ƙwai huɗu masu goma-goma, jimla 160, ke nan awa shida zuwa bakwai in an cire abin da inbata ke sha. Wanda ka ce wa zai kwana da firiza a kan wannan, bayan wata uku zai dawo da mataccen batir, kuma da gaskiyarsa. Ka kuma gaya masa ruwan batir ake ƙarawa, ba na rijiya ba.

Iri, taki da maganin feshi in an buɗe ba sa dawowa, wannan ka faɗa a fili, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma kai ka sauke naka nauyin. Kowane sabon buhun iri ka ƙirga ƙwaya 100 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana bakwai ka ƙirga waɗanda suka tsiro, ka ajiye a inda kowa zai gani. Masarar da ƙasa da 80 suka fito, ban ga dalilin sayar da ita a matsayin iri ba. Buhun taki kilo 50 ne, ka rataye sikeli a auna, ka kuma ɗora buhunan a kan katako don yuriya tana shan danshi ta dunƙule. Magani ka duba lambar NAFDAC, ranar ƙarewar aiki da hatimin murfi, ka auna wa manomi adadin da kwalbar ta ce da gwangwanin da ya sani, gwargwadon tankin feshinsa, lita 16 ne ko 20.

Rasit mai kwafi biyu, da boko ko ajami: suna, gari, kwanan wata, lambar jikin inji ko batir, kwanakin da ka ba shi. Ba tare da lambar nan ba wata rana za a kawo maka batirin wani a ce naka ne. In mai ƙorafi ya zo, ka shigar da shi ciki ka ba shi wurin zama, kada a yi a gaban jama'a inda kowa zai ƙi sauka don kunya. Ka ba shi rana takamaimai. Kuma ka ajiye tsohon inji guda mai aiki na aro. Mai tumatir ko shinkafa a watan Maris ba kuɗinsa ne ya fi damunsa ba, kwana ukun da shukarsa za ta yi ba ruwa ne.

Malamar Islamiyya, Jahun

Duk kun yi maganar manya, ni zan tuna muku yara. A ƙauye kaso mai yawa na masu zuwa shago 'yan aike ne, mai kuɗin tana cikin gida. Yaron da aka bari a tsaye har manya biyar suka wuce shi, ko aka ba shi ragowar da wani ya ƙi, labarin yana isa gidaje goma kafin magariba. A bi layi da su kamar kowa, a rubuta farashi da canji a 'yar takarda a ƙulle tare da kuɗin, in kuma uwar ta ce ba wannan ta aika a sayo ba a canza ba tare da an kori yaron da faɗa ba.

Kuma Malam Ɗan Tireda, ba gaskiya ba ne a ce ba mu da inda za mu kai kuka, sanin hanyar ne ya yi ƙaranci. Akwai hukumar FCCPC, wadda dokar da aka sa wa hannu a farkon 2019 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar kare masu saye, kuma ta sha bayyana cewa rubuta "ba a mayar da kuɗi" ba ya soke haƙƙin wanda aka sayar wa kaya mai aibi. Matsalar layin waya, ka fara kai wa kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi, in ba a warware ba ka kira 622, layin hukumar sadarwa ta NCC ne, kyauta.

In kana da POS a shagon, wanda aka cire wa kuɗi bai fito ba kada ka ce masa "ba ruwana". Ka ba shi takardar da na'urar ta fitar mai nuna cinikin bai yi ba, ka rubuta kwanan wata da adadin a littafinka. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar a 2020 ta ce irin wannan na POS a warware cikin awa 72, na ATM ɗin wani banki cikin awa 48. In kwanakin sun wuce ya je bankinsa da takardar ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya karɓi lambar shaida. In mako biyu suka cika ba amsa, sai ya rubuta wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN, ya haɗa da lambar nan da kwafin takardar. Ita takardar POS rubutunta yana gogewa cikin 'yan makonni, balle a aljihu da zafi, don haka a ɗauki hotonta a waya tun a ranar.